Zaren da Kaka Ta Kwance

A gidanmu na Akwatia Line a Kumasi, in an ci tuwo an kwashe kwanuka, garwashin da ya rage a kolpot, wato murhun gawayi, na Kaka ne. Babu mai taɓa shi. Takan jawo shi bakin ƙofar ɗakinta, ta binne makani uku ko huɗu a cikin tokar, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, mu kuma mu taru. Gidan haya ne mai ɗaki goma sha huɗu, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, saboda haka ba jikokinta kaɗai ke zama ba. Akwai 'ya'yan Mosi, akwai na Dagomba, akwai 'yan biyun wata 'yar Asante mai sayar da busasshen kifi, waɗanda uwarsu kan leƙo ta ce da Twi kada su dame tsohuwa, sannan ita ma ta jingina da bango ta ƙi tafiya. 'Yan shekaru ne kafin a samu 'yancin kai, ina aji uku ko huɗu a firamare.

Kaka Hajiya ce tun kafin a haifi mahaifina, kuma da ƙafa ta je. Tana yarinya iyayenta suka tashi da ita daga ƙasar Katsina, suka yi shekaru a hanya, su yi noma a wani gari, su yi ƙodago a wani, har suka isa Sawakin, bakin Bahar Maliya. Aure ne ya kawo ta Kumasi daga baya, wurin kakana mai fataucin goro. Tana da tatsuniyoyin kura da zomo kamar kowace tsohuwa, amma wanda muke roƙo shi ne labarin jirgi. Ba ta ba da shi kullum. Sai ranar da ta ga dama, ta dube mu ta ce, "Kowa ya shigo?" Mu ce mun shigo. Ta ce, "Wanda ke waje ya jira na baɗi."

Daga nan tabarma ta zama jirgi. Ba kowane jirgi ba, sambuk, haka ta ce ake kiran irin wanda suka shiga: na katako, mai tsinin baki, ba shi da inji, iska ke tura shi. Taɓarya ce dogon itacen da ke tsakiyarsa, tsohon zanenta kuma shi ne shira'i, ƙaton ƙyallen da ke kama iska. Muciya ita ce sukkan, katakon baya da ake juya jirgi da shi. Yayana Salisu, wanda ya fi kowa murya a gidan, ya naɗa kansa nahuda, wato mai jirgi, kuma bai taɓa sauka daga wannan kujera ba. Ni na fi son in zauna kusa da ƙafar Kaka, domin a nan ake jin kalmomin sosai. Ina da wani ɗan littafin rubutu da nake zuba su a ciki washegari, in na manta ɗaya in bi ta bakin famfo in tambaye ta a hankali. Takan ce, "Ƙawata, ke za ki tuƙa jirgin ne?" amma ta faɗa mini.

Ta ce su wajen sittin ne a cikin sambuk ɗin, mata a baya an kare su da tabarma, maza a gaba. Ruwan sha yana cikin manyan randuna da aka ɗaure da igiya, ana ba kowa da ɗan kofi, safe da yamma. Nahuda ne ke ba da umarni, amma ba shi ne ya san hanya ba. Mai sanin hanya wani tsoho ne siriri, idonsa ya fara hazo, ana kiransa rubban. Yana da allura a cikin akwati mai nuna arewa. Yana da buldu, dunƙulen dalma a bakin doguwar igiya, an shafa masa kitse a gindi, a jefa shi ya taɓa ƙasan teku ya ɗauko yashi ko laka, tsohon ya murza a yatsa, wani lokaci har ya ɗanɗana. Amma abin da ya fi ji da shi wani ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba, an huda tsakiyarsa an zura zare. Sunansa kamal.

A lokacin Kaka ba ta san amfaninsa ba. Daga baya ta sani, kuma ta iya kwatanta mana shi da murfin gwangwani. Da magariba, lokacin da tauraron arewa ya fito amma ana iya ganin layin da ruwa ya haɗu da sama, rubban zai ciji zaren, ya miƙa allon gaba har zaren ya miƙe. Gindin allon a kan layin ruwa, tauraron a samansa. Kowane gari yana da ƙullinsa a jikin zaren. In ya ciji ƙullin Jidda, ya ga tauraron ya zauna daidai a kan allon, to jirgi ya kai setin Jidda, sai a juya gabas a shiga. In an juya da wuri ko an makara, duwatsun murjani ne ke jira a ƙarƙashin ruwa, masu fasa jirgi kamar ƙwarya.

Rana ta biyu iska ta ɗauke. Jirgi ya tsaya cak, shira'i ya saki jiki kamar wanki. Zafi ya kwantar da kowa, har rubban ya ja rawani ya rufe fuska. Kaka kuwa ba ta iya zama hannu sake ba. A gidansu kaɗi ake yi, kuma uwarta ta raine ta a kan cewa ƙulli a jikin zare shaidar ƙyuya ce. Sai ta hango ɗan allon nan rataye a jikin ƙusa, kusa da tabarmar mata, zarensa ya yi baƙi ƙirin da dauɗa, ga ƙulle-ƙulle kamar ɓera ya yi wasa da shi. Tausayin tsohon ya kama ta. Ta ce a ranta ba shi da mace a jirgin da za ta gyara masa kaya.

In ta zo nan sai ta dakata ta juya makani, mu kuma mu fara nishi, domin mun san abin da ke tafe. 'Yan biyu su rufe ido. Salisu ya ce kada ta taɓa. Ta ce, "Maigida, ka makara da shekara hamsin."

Ta zaro allurar da ke bakin zanenta, ta zauna ta bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Sun yi tauri, wasu sai da ta sa haƙori. Bakwai ne. Ta so ta wanke zaren, amma ta tuna ruwan kofi ɗaya ne rabonta, kuma uwarta ta hana ta leƙa gefen jirgi, sai ta haƙura. Ta naɗe shi tsaf a jikin allon, ta mayar a ƙusa, ta koma ta zauna tana jiran a tambayi wace yarinyar kirki ce ta yi wannan aiki.

Da magariba rubban ya miƙa hannu ya ɗauki kayansa. Kaka ta ce bai yi ihu ba, kuma shi ya fi ba ta tsoro. Ya warware zaren, ya bi shi da yatsa daga farko har ƙarshe, ya sake bi, sannan ya zauna a ƙasa. Nahuda ne ya yi ihun. Nan da nan aka kama aka ɗaure mai dafa abinci, wani tsoho mai ƙaton ciki da dariya, wanda kowa ya san duk igiyar da ya gani sai ya tsinka ya ɗaure buhu. Ya rantse, ba a saurare shi ba. Nahuda ya ce tsibirin farko da aka gani za a ajiye shi, ko da ba kowa a kai. Mahaifin Kaka yana jin Larabci, shi ya fassara wa mutanensa halin da ake ciki: randuna sun yi ƙasa, iska in ta dawo za a ci gaba da tafiya arewa, amma babu wanda zai iya cewa ga lokacin juyawa.

Salisu ya taɓa tambaya me ya hana tsohon auna tauraron da yatsunsa. Kaka ta ce ya iya, yatsu za su kai ka ƙasar Hijaz. Amma ƙofar da ake bi tsakanin duwatsu ba ta fi layin gidanmu faɗi ba, kuma yatsan mutum yau ya kumbura, gobe ya saɓe.

Ta kwana ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce ta yi ta lissafi a ranta: in ta yi shiru, babu wanda ya gan ta. In ta faɗa, ba ta san ko ita kaɗai za a ajiye a tsibirin ba ko har da iyayenta, bayan duk shekarun da suka yi a hanya, ga Makka saura tsallake ɗaya. Da safe aka kwance mai dafa abinci don ya yi wa mutane gurasa, tunda ba wanda ya iya murhunsa. Tun ranar farko yakan ajiye mata gefen da ya fi gasuwa, saboda ita ce ƙarama a cikin mata. Ranar ma ya ajiye mata. Ya miƙo ta gefen tabarma, ga shatin igiya a wuyan hannunsa, ya ɗaga mata gira kamar yadda ya saba.

"Gurasar nan ta ƙi wucewa," in ji Kaka. "Na tauna, na tauna, ta tsaya mini a nan." Sai ta nuna maƙogwaronta.

Ta je ta durƙusa gaban mahaifinta ta faɗa. Ya miƙe. Sannan ya gyara hularsa, ya kama hannunta, suka ratsa maza har gaban rubban. Nahuda ya taso, tsohon ya ɗaga masa hannu. Tambaya biyu kawai ya yi, mahaifinta na fassarawa. Ƙulli nawa ta kwance? Ta ce bakwai. Ta wanke zaren? Ta ce a'a, ba ta samu ruwa ba. Tsohon ya ce alhamdulillahi har sau uku, ya ce bai taɓa gode wa Allah a kan ƙarancin ruwa ba sai ranar.

Ya sa ta ɗaga zaren a rana. Shi idonsa ba ya gani, amma ita tana gani: duk inda ƙulli ya zauna shekara da shekaru, dauɗa ba ta shiga cikinsa ba. Zaren baƙi ne, sai ɗan fari, sai baƙi, sai ɗan fari, kuma wurin ya lanƙwashe, yatsan mai kaɗi na jin sa. Ya ce ta mayar da kowane ƙulli yadda farin zai shige ciki gaba ɗaya, kada ya leƙo ko kaɗan, ta fara daga wajen allo. Yana kiran sunayen tana ɗaurawa: Yanbu, Jidda, Sawakin, Jizan, Masawa, Hudaida, Adan. Mu ma mun haddace su, muna rera su kamar karatun allo, 'yan biyu suna tafi. Na Jidda sai da ta kwance ta sake har sau biyar, matuƙa sun zagaye ta ba mai tari. Mai dafa abinci ne kawai ke magana. Ya ce wa mahaifinta a gaya wa yarinyar nan in ta gama, tukwanensa ma suna da dauɗar shekaru, ta zo ta nuna gwaninta a can. Kuma da gaske ya sa ta kankare su har aka sauka.

Iska ta dawo da la'asar. Magaribar farko rubban ya ciji ƙullin Jidda, tauraron yana ƙasa da bakin allo. Ta biyu ya matso. A nan Kaka takan ciji bakin mayafinta, ta miƙa murfin gwangwani, ta kanne ido ɗaya, duk tsakar gida a yi tsit, har manyan da ke yi kamar ba sa ji. Magariba ta uku tsohon ya saki zaren daga bakinsa ya faɗi kalma ɗaya, mai riƙe da sukkan ya kwantar da shi, jirgi ya juya gabas. Salisu ya murɗa muciya har ya kusa faɗawa kan garwashi. Aka yi ta jefa buldu, yana dawowa fayau, yana dawowa fayau, sai da hantsi ya dawo da farin yashi manne a kitse. Rubban ya murza, ya kira yarinyar ya zuba mata a tafin hannu. Kafin azahar suka ga fararen gidajen Jidda, jirgi ya bi ta tsakanin duwatsu ana ganin su kore-kore a dama da hagu. Randa ɗaya ta rage, ita ma rabi.

Sai mu yi guɗa, a tone makani, a ɓare da zafi ana hura yatsu. Mai kifi takan ce da Kaka ta samu ruwa ta wanke zaren, da yanzu babu Hajiya babu labari. Iyayenmu kuwa sun samu abin yi mana faɗa. Duk wanda ya taɓa abin da ba nasa ba, sai a ce masa zai kwance zaren rubban.

Na yi kamal ɗina da kwalin sukari da zaren buhu. Na yi sati ina hawa turmi da magariba ina neman tauraron, ban gan shi ba. Kaka ta ce a Kumasi kwance yake a ƙasa, bayan rufin kwano da bishiyoyi, in bar wahalar da wuyana.

Akwai abu ɗaya da na lura da shi, saboda kusancin da nake zama. In an watse ana cin makani, Kaka takan juya tafin hannunta sama ta yi 'yar addu'a ƙasa-ƙasa, kuma a ciki ina jin sunayen garuruwan nan, amma ban da Jidda. Na ji haka sau da yawa kafin in iya tambaya. Wata rana ina taya ta tsince shinkafa na tambaya, idona a kan faifai.

Ta ce, "Na Jidda kaɗai na ga an gwada. Mu muka sauka, shi ya wuce da sauran shida a bakinsa. In na karkace ɗaya da faɗin ƙwayar gero fa? Akwai mutane a cikin jirgin."

Ba da baƙin ciki ta faɗa ba, kamar dai mai faɗin cewa ta bar tukunya a wuta. Amma maganar ta zauna mini. Na yi shekaru ina jin cewa akwai wani nauyi a kan tsohuwar nan da ya kamata wani ya sauke mata.

Bayan na shiga kwalejin horon malamai, muka yi darasin taswira, aka nuna mana yadda tsayin tauraron arewa ke ƙaruwa in mutum na tafiya arewa. Na koma ɗaki na zauna da fensir da zare, na gane abin da ban gane ba da. Ai ƙullin ba daga sama ya faɗo ba. Rubban yana tsaye a garin ne yake auna tauraron, ya ɗaura. Ke nan duk garin da rubban ya isa, magaribar farko zai gwada, in ya ga saɓani ya gyara da hannunsa. Cikin shekara ɗaya ko biyu babu sauran kuskurenta a zaren, in ma akwai shi. Na zana komai a takarda, na sake zanawa da kyau, na ƙagu hutu ya zo.

Na same ta a inda na bar ta, ta ƙara tsufa, wasu yaran ne daban ke zagaye da ita. Na jira suka tashi. Na shimfiɗa takardar a kan tabarma na yi mata bayani tun daga farko, ina ta tuntuɓen harshe. Ta saurara har ƙarshe, ta ma ɗaga takardar kusa da fitila ta yaba yadda na zana allon. Sannan ta yi dariya har sai da ta share ido da mayafi.

"Ƙawata, wannan na gano shi tun ina goyon babanki. Amma kafin ya gwada a garin, ai sai ya isa garin. Zuwan farko da ƙullina ya je."

Na ce to ai wannan zuwan an yi shi an gama tun da daɗewa, ko sun isa ko ba su isa ba. Ta ce haka ne, amma ita ba a aiko mata da labari ba, kuma Wanda take roƙo ba ya makara. Ta turo mini makani ɗaya ta ce in ci tun da zafi.

Na naɗe takardata. A hanyar komawa makaranta na yi ta juya abin a cikin lori. Mu yara an koya mana labarin a kan kada mu taɓa kayan mutane, kuma ba laifi, darasi ne. Daga baya na ɗauka labarin faɗin gaskiya ne. Amma Kaka ta faɗi gaskiya, ta gyara ɓarnarta, an yafe mata, an zuba mata yashin Jidda a hannu, duk da haka ba ta ɗauka ta fita daga maganar ba. Ni na zo in sauke mata kaya, ashe ba kaya ba ne a wurinta. Mutanen da ba ta taɓa gani ba, masu zuwa Hudaida da Masawa, ta mai da su nata, tana tambayar lafiyarsu kowace yamma ta hanyar da ta iya.

Saura wata biyu in fara koyarwa. Za a ba ni yara arba'in, in koya musu abin da na iya, su tashi su tafi da shi inda ba zan bi su ba, kuma yawancinsu ba za a aiko mini da labari ba. A da wannan yana hana ni barci. Yanzu na sayi sabon littafin rubutu mai kauri, na ja masa layi, na bar shafin farko don sunayensu.